Batirin Asabar

Asabar, 23 ga Fabrairu, 2008

Na je dam ni kaɗai da sassafe. Ban kwance jirgin ba. Na share ganyen da ya taru a cikinsa, na zauna a bakin ruwa har rana ta ɗaga.

Namu ne mu biyu, ni da abokina Othniel. Mun saye shi tun 'ya'yanmu suna firamare, kuma tun daga lokacin da wuya Asabar ta same mu a gida. Shi a baya da filafili ɗaya, ni a gaba da ɗaya. Shi yana magana, ni ina saurare, kifin kuma wani lokaci ya zo, wani lokaci ya ƙi. A watan Nuwamba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, bakinsa ma ya saki. Hannun ne bai dawo ba.

Jiya da na je Palladan gaishe shi ya ce mu sayar da jirgin. Wai akwai wani Julius mai gidan saukar baƙi da yake so ya ajiye shi a tafkin kifinsa, baƙi su riƙa ɗaukar hoto a ciki. Na ce ai zan iya tuƙa mu mu biyu, jirgin ba shi da nauyi. Ya dube ni ya ce, "Hamza, ni ba buhun masara ba ne."

Na roƙe shi a bar maganar zuwa tsakiyar Afrilu. Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Talata, 26 ga Fabrairu

Injin ya iso. Dakta Remi, abokiyar aikina a sashen nazarin ƙasar noma, ita ta taho mini da shi daga waje a cikin kayanta, kamar yadda na roƙe ta tun Disamba. Allah ya saka mata, don na ga alamar ta sha tambayoyi a filin jirgi.

Ƙaramin abu ne. Dogon ƙarfe, farfela a ƙasa, mariƙi a sama. Ana maƙala shi a bayan jirgi, kuma da wuta yake aiki, ba da fetur ba. Babu igiyar ja. Murɗa mariƙin shi ne ƙara gudu, karkata shi kuma shi ne juya kan jirgi. Duka da hannu ɗaya.

Da hannu ɗaya. Na zauna a falo ina murɗa shi ina saki, ni kaɗai, kamar wanda bai da aikin yi.

Matata Zubaidatu ta shigo ta tsaya a kaina, ta tambaye ni wannan muciyar ta wace tukunya ce. Na yi mata bayani. Da za ta fita ta taɓa kafaɗata.

Laraba, 27 ga Fabrairu

Saura batir. Ashe nan aikin yake.

Juma'a, 29 ga Fabrairu

Na karanta takardar injin, na kuma duba abin da na samu a ɗakin karatu. Batirin mota ba zai yi ba. An ƙera shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa nan take, ya tayar da inji, sannan motar ta mayar masa da abin da ya bayar. Farantan cikinsa sirara ne, idan aka riƙa zuƙe shi har ƙasa, ba ya daɗewa. Wanda nake buƙata shi ne mai kaurin faranti, mai ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon wuni, a zuƙe shi a sake cika shi bai lalace ba.

Abin da ya kamata in tuna, ko da mai shago zai rikita ni da magana: idan batirin ya mutu muna tsakiyar ruwa, dole in ɗauki filafili in dawo da mu. Othniel zai zauna a baya, hannunsa a cinya, ina tuƙa shi gaban masu lambu da masu wanki. Ba zai sake shiga jirgin ba. Na san shi. Sau ɗaya zan samu in gwada, in har ma na samu.

Asabar, 1 ga Maris

Sabon Gari, layin masu kayan mota. An nuna mini shagon wani Uzodinma, wanda aka ce shi ke kawo batiran inbata, na'urar nan da ke ba gida wuta idan an ɗauke. Haifaffen unguwar ne, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Yana ganina ya ce, Dakta, kai ma NEPA ta kai ka bango ke nan. Na ce ba na gida ba ne, na jirgin ruwa ne. Ya ajiye burodin da yake ci. Ya tambaye ni ko na san a Zariya muke, sannan ya leƙa ya kira maƙwabcinsa mai taya ya zo ya ji da kunnensa.

Iri uku ya nuna mini. Akwai tsofaffi da aka sauke daga ƙarfen sabis na kamfanonin waya, sun yi kyau a ido, amma ba wanda ya san wahalar da suka sha. Akwai wani ƙato mai ƙarfin amfiya ɗari biyu, shi ya fi so in ɗauka. Ya ce babban mutum babban batir. Na gwada ɗaga shi, bai ko motsa ba, bayana ne ya motsa. Jirginmu idan mun zauna mu biyu tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. In ƙara masa nauyin mutum na uku, sannan in zaunar da mai hannu ɗaya a ciki? A'a.

Na ukun mai amfiya ɗari ne, rufaffe, ba a zuba masa ruwa. Wannan ya ja hankalina, don jirgi yana tangaɗi, kuma ba na son ruwan batir ya zuba kusa da ƙafar da ba ta gama jin zafi ba. Na iya ɗaga shi da hannu biyu, da nishi.

Ban saya ba. Uzodinma ya ce ya gane irina, masu zuwa shago kamar sun zo neman aure.

Litinin, 3 ga Maris

Lissafi. Ba a son a ci fiye da rabin abin da ke cikin irin wannan batir, don haka hamsin ne nawa, ba ɗari ba. A ƙaramin gudu injin yana shan wajen goma a awa. Daga inda muke ɗaure jirgi zuwa ɗan tsibirin nan mai ciyawa da dawowa, har da yawon neman gurbi, ba za mu ci rabin rabin ba. Ko iska ta taso mana a gaba, akwai rara.

Na sake yin lissafin daga farko, ya fito daidai. Na sake. Zubaidatu ta kawo shayi ta leƙa takardar, ta ce ko auren 'yarmu Nana ban yi wannan binciken a kan angon ba. Ba gaskiya ba ne, na yi. Ban dai rubuta ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na saya. Na duba watan da aka ƙera shi, bai kwana da yawa a shago ba. Na auna shi da mitata, cike yake. Uzodinma ya ce shi kaɗai ya rage a irinsa, kuma ya ɗauka da kansa ya sa mini a but ɗin mota, da sharaɗin kifin farko nasa ne. Na ce in dai ya kai girman da za a nuna wa mutum.

A hanyar Samaru na tsinci kaina ina tafiya a hankali a kan ramuka, kamar na ɗauko mai jego. Zan bar shi a motar zuwa Asabar mai zuwa in gwada shi ni kaɗai tukuna. Bayana ba zai jure shiga da fita da shi ba.

Yau na ji daɗi. Ba laifi in rubuta haka.

Talata, 11 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau ranar kai Othniel gashin ƙashi ce, ni ke kai shi. Edith, matarsa, ta ce tunda ya daina hawa keken marasa lafiya da suka aro, mu tafi da shi mu mayar. But ɗin ba zai ɗauki keke da batir ba. Sai na sauke batirin na ajiye a barandarsu, gefen ƙofa, da niyyar in ɗauka idan mun dawo. Ban lura ba cewa nan ne masu dubiya suke ajiye abin da suka kawo. Akwai ma kwandon lemo da kiret ɗin ƙwai a wurin, yanzu da na tuna.

Abin da ban sani ba, ɗansu Mordecai ya aiko musu da inbata daga Fatakwal tun watan jiya, tana nan a kwali, batir ake jira. Duk cocinsu an san da haka.

Da muka dawo ba wuta a unguwar, amma fanka tana juyawa a ɗakin Othniel. Wani maƙwabcinsu mai aikin waya har ya haɗa ya tafi. Matan Zumunta na cocinsu uku ko huɗu suna falo. Edith ta tare ni a ƙofa, idonta ya cika, ta rusuna, abin da ba ta taɓa yi mini ba. "Baban Nana, ko ka faɗa mini ai da na hana ka. Wannan dubiya ta yi nauyi." Matan suka ɗauki godiya, wannan ta ajiye wannan ta ɗauka, aka sa wa Zubaidatu albarka, aka sa wa Nana da abin da ke cikinta.

Othniel ya tsaya a ƙarƙashin fankar, ya rufe ido, iska tana kaɗa rigarsa.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai."

Laraba, 12 ga Maris

Na ba Zubaidatu labari. Ta yi dariya har ta nemi kujera. Da ta samu numfashi ta ce ai laifina ne, abin da aka sauke a ƙofar majinyaci an gama maganarsa, ko akuya ce ta bi ka ta tsaya a wurin sai dai ka yi mata ban kwana.

Ni ma na yi dariyar, daga baya, a banɗaki.

Lahadi, 16 ga Maris

Bayan sun taso daga coci dattijonsu ya zo da mutum biyu yi mini godiya, da zakara. Na karɓa. Me zan ce? Mordecai ya bugo waya yana ta Baba, Baba. Edith ta aiko cewa Othniel yana samun barcin rana, abin da zafin nan ya hana shi tun shigowar wata.

Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai dai ban san inda mutum yake ajiye ladan da bai yi niyyarsa ba.

Talata, 18 ga Maris

Na koma wurin Uzodinma. Babu irinsa, sai kaya sun iso daga Legas, watakila Mayu. Na duba wasu shaguna biyu, na mota ne aka liƙa wa sabuwar takarda. Ya ce in gwada na ƙarfen sabis ɗin. Muka haɗa wa mafi kyawunsu ƙwan fitilar mota muka zauna muna kallon mita, kafin ya gama ba ni labarin bikin ƙanwarsa allurar ta fara sauka. Shi da kansa ya cire wayar.

Ya tambayi ina na kai wancan. Na ce yana wurin da ake buƙatarsa. Ya ce to kifinsa fa? Na ce yana ruwa.

Asabar, 22 ga Maris

Na yi abin da na san ba daidai ba ne, da gangan. Na cire batirin motata na kai jirgi, don in ga injin yana aiki ko sau ɗaya.

Na zauna a mazaunin Othniel a bayan jirgi, na cusa hannun hagu a aljihu, na yi alkawarin ba zan fitar da shi ba. Na murɗa.

Ba ƙara. Wannan ne ban yi tsammani ba duk da na karanta. Jirgin ya zame kawai, ruwa yana ɗan tsiyaya a gefensa. Na wuce kusa da wani zalɓe yana tsaye a cikin ciyawa, ya dube ni, bai tashi ba. Na juya dama, na juya hagu, na ja da baya, na yi da'ira, hannu ɗaya ya isa duka. Ina jin na yi magana da ƙarfi ni kaɗai, ban tuna me na ce ba.

Daɗin ya ɗauke ni na ƙara gudu, na manta da abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Ban kai tsibirin na dawo ba farfela ta fara kasala, sannan ta tsaya. Na fitar da hannun daga aljihu na ɗauki filafili. Da na mayar da batirin a mota kuma, ko tari ba ta yi ba. Masu lambu biyu ne suka bar tumatirinsu suka tura ni, ɗayan yana tambayata ko ban san ana kai batir caji ba.

Na dawo gida jiƙe da gumi, cikin nishaɗi. Injin ya yi. Abin da takarda ta faɗa kan batirin mota ma ya tabbata, na gani da idona.

Lahadi, 23 ga Maris

Ista. Edith ta aiko da shinkafa da kaza, kwano ya fi na kowace shekara girma.

Alhamis, 27 ga Maris

Zubaidatu ta ce in je in faɗa masa kawai. Na ce abin yana da fuska biyu: karɓe kyauta daga majinyaci, da kuma kunyar da Edith za ta ji bayan duk garin ya yi godiya. Ta ce Edith ta haifi 'ya'ya huɗu, kunyar batir ba za ta kashe ta ba. Sannan ta ce, "Malam, mutumin nan hannunsa ne ya shanye, ba kunnensa ba."

Na tsara jimlar farko a raina ta hanyoyi da dama. Kowacce ko ta yi kama da roƙo, ko ta yi kama da tausayi. Tausayin ne ya fi haɗari.

Litinin, 31 ga Maris

Na je. Fanka tana juyawa, yana cin gyaɗa, yana zagin 'yan ƙwallo a rediyo. Ya ce Julius zai zo da akori-kura ranar Asabar sha biyu ga Afrilu, in kai masa mabuɗin sarƙar jirgin. Na ce to. Na sha ruwa na taho.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Tunda jimlar ta ƙi tsaruwa, sai na ɗauki injin da kansa bayan la'asar. Na shiga da shi ɗakin Othniel, na ɗora masa mariƙin a tafin hannunsa na dama. Na ce ya murɗa.

Ya murɗa, ya karkata shi, ya dubi farfelar. Shekarun da ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare ba su tafi a banza ba, bai buƙaci dogon bayani ba. Ya tambayi da me yake aiki. Idona ya tafi ƙarƙashin tebur, inda batirin yake zaune an lulluɓe shi da ɗan kyalle mai ado, har da fure a kai.

Ya dubi batirin, ya dube ni, ya dubi fanka.

"Tun ranar gashi?"

Na ce tun ranar.

"Ka karɓi zakara, Hamza."

Na ce mun ma ci.

Sai ya fashe da dariya. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin Nuwamba. Rabin fuskarsa ne ke yi, amma ta isa ɗakin. Edith ta shigo a guje ta zaci wani abu ne. Da ta ji, ta rufe fuska da bakin zane, ta ce wayyo ita, yanzu da wane ido za ta dubi Maman Nana, a kwance shi yanzu-yanzu a sa mini a mota. Othniel ya hana. Ya ce dattijon coci ya riga ya yi addu'a a kai, kyauta ta tabbata, batir nasa ne. In ina so in zo aro kamar kowa, zai duba hali na.

Sai ya daina dariyar. Ya daɗe yana murza mariƙin da babban yatsa. Ya ce zai shiga sau ɗaya, ranar da Julius zai zo, da safe. Amma shi zai tuƙa daga tashi har dawowa, kuma filafilan biyu a tudu za a bar su.

Na ce wannan ba tsari ba ne, kowane jirgi yana buƙatar abin komawa. Ya ce in dai filafili yana cikin jirgin, to ni ne matuƙi, shi wasa kawai aka ba shi ya riƙe. Ya ce, "Ba kai ka zaɓi batirin ba? To."

Edith ta ce ita nata sharaɗin rigar ceto ce, mu duka biyu. Wannan ba wanda ya yi musu.

Talata, 8 ga Afrilu

Na auna shi. Kusan wata yana juya fanka, amma Edith tana kashewa da zarar an kawo wuta, ba a taɓa zuƙe shi ba. Lafiyarsa lau. Zan ɗauke shi ranar Alhamis in kai wa Uzodinma ya cika shi a hankali da janaretansa, ba cajin gaggawa ba. Edith ta ce za su koma mafici kwana biyu, ai da shi suka girma.

Akwai wuri a ƙarƙashin katakon zama inda gajeren filafili zai shige, in rufe da buhu. Na je na gwada, ya shige.

Na zauna ina tunanin abin da zai iya faruwa da gaske. Ba igiyar ruwa a dam. Da safe iska ba ta da ƙarfi. Masu lambu suna jin kira daga ko'ina. Mafi munin abu shi ne mu tsaya cak, manya biyu cikin rigunan ceto masu ruwan lemo, muna kiran a kawo ɗauki. Abin dariya ne, ba na mutuwa ba. Idan kuwa ya ga filafilin a ɓoye, wannan ba abin dariya ba ne.

Ban yanke ba tukuna. Na dai fitar da shi na jingine a bishiya kafin in yanke.

Asabar, 12 ga Afrilu

Alhamdu lillahi.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba. Zubaidatu da Edith suka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Na miƙa wa Edith filafilan biyu a gabansa, ta rungume su kamar an ba ta ajiyar jarirai. Batirin na sa shi a tsakiya na ɗaure, jirgin ya zauna daidai a ruwa. Shigar da Othniel ce ta ɗauki lokaci, kuma ya hana a riƙe shi ta hagu.

Murɗawar farko ya yi ta da ƙarfi, ga mariƙin a karkace, sai muka shiga zagaye a wuri ɗaya gaban matan. Zubaidatu ta tambaya daga tudu ko mun iso ne. Othniel ya ce mata yana duba fasinja ne ko yana da jiri. A zagaye na uku ko na huɗu hannun ya gane, kan jirgi ya miƙe.

Daga nan ya yi shiru. Othniel, shiru. Ina gaba ina kallon ruwa, ba na son in waiwaya, don na ji yadda numfashinsa yake fita. Muka wuce ciyawar bakin gaɓa, muka wuce wurin da tarwaɗa take kwanciya. Hannuwana ba su san abin da za su yi ba, na ɗora su a gwiwa, na sauke, na kama gefen jirgi.

Da muka kai tsibirin na ce nan ne iyakar lissafina. Ya ce lissafin nawa ne, batir nasa, ya zarce zuwa mashigar rafi, inda rabonmu da zuwa tun muna da ƙarfin tuƙi. Mitar tana aljihuna. Na auna sau ɗaya a can, da ya juya yana kallon wasu agwagin ruwa. Ko kusa da rabi ba mu kai ba. Na mayar da ita.

Na sa tana na jefa fatsa. Na miƙa masa sandar, ya ce shi direba ne, kamun kifi aikin fasinja ne. Na kama karfasa ɗaya, ba babba ba, amma za a iya nuna wa Uzodinma ba tare da jin kunya ba.

Muna dawowa wajen hantsi na hangi akori-kura a tsaye kusa da mangwaron, da wani mutum mai farar hula yana magana da Edith. Julius. Na ce wa Othniel ga mai sayen nan ya iso. Bai rage gudu ba. Ya matso da mu kusa da gaɓa har muna ganin fuskar mutumin, sannan ya karkata mariƙin, jirgin ya bi gefen tudu ya sake fuskantar tsakiyar ruwa.

"Ɗaga masa hannu, Hamza. Nawa yana aiki."

Na ɗaga.

Daga baya mun ba shi haƙuri yadda ya kamata, Edith ta zuba masa abinci, ya tafi ba rai a ɓace ba. Ya ma tambayi inda ake samun injin.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na je aron batir tun jiya. Mai shi ya ce a dawo masa da shi kafin zafin azahar, kuma a goge.

Ba mu kama komai ba yau. Othniel ya ce laifina ne, wai na cika surutu na kori kifin, tun daga gaɓa bakina bai rufu ba. Ban yarda ba. Labarin masu lambun da suka tura motata kawai na ba shi. Sai na Nana da sunan da suke son sa wa jaririn. Da kuma na wani rafi a garinmu inda mahaifina ya koya mini iyo, wanda ya ce bai taɓa ji ba, ko da yake ina ganin na taɓa faɗa masa.

Watakila ban taɓa ba.